Injin da Ya Sha Wuta: A Gyara ko a Kai Sikeli?

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi ba sai an kwatanta masa akori-kura ba. Ita ce motar da ake loda wa buhunan gero har su ɗara kan direba, a ɗaure awaki a gefe, mutane su haye saman kaya, ta kama hanya tana nishi amma ba ta gazawa. Mu Fijo muke ce mata, a takarda kuma Peugeot 504. Yau Golf da Sharon sun cika tashoshinmu, amma 'yan Fijon da suka rage ba don ado ake riƙe da su ba, gidaje ne suke ci daga jikinsu. Gidanmu na Dauran yana cikin irin waɗannan gidaje. Tamu ta ƙone a hunturun da ya wuce, kuma tun daga ranar nake fama da wata tambaya wadda ban taɓa cin karo da ita a takardar jarrabawar sashenmu na Makanikal ba: injin da ya sha wuta, a gyara shi ko a kai shi sikeli?

Kafin in shiga maganar wutar, bari in ɗan gabatar da motar ga ƙannenmu 'yan ND I, don wasunsu sun ɗauka tarkace ce kawai. A Faransa aka fito da 504 a 1968, shekarar da ta biyo baya kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙura da laka irin namu. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa wajajen 2006. Ma'aikatan gwamnati sun hau ta, 'yan tasha sun hau ta, amare sun hau ta. A Turai yanzu masu kuɗi ne ke sayen tsofaffinta su goge su ajiye, sai ranar hutu su fito da su shan iska. A wurinmu har gobe jaka ce mai taya huɗu.

Tamu ta girme ni. Baba ya saye ta na hannu tun kafin a haife ni, kuma da ita ya yi ta jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da sauran kasuwannin yankin. Wata ranar Alhamis ɗin ce, yana dawowa da la'asar sakaliya, ya kusa shiga gari, ya ji warin fetur ya yi yawa. Kafin ya gama fakawa hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Daga baya muka gano tiyon da ke kai mai kafireto ne ya tsufa ya tsage. Iskar hunturu ta taya wutar. Jama'a suka taru da ƙasa, wasu da shebur wasu da hannu. Wani yaro ya sheƙo da bokitin ruwa, wani dattijo ya riƙe shi ya ce, "Kak ka zuba ga injin, hwetur na!" Sai kujerun ciki aka zuba wa ruwan. Cikin kusan kwata na awa wutar ta mutu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Amma bonet ya babbake, gilashin gaba ya tarwatse, wayoyi sun zama tsirara, injin kuma ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Da na zo hutun ƙarshen mako na tarar gida ya rabu uku. Kawu, wanda shi ne mai lissafin danginmu, ya ce 'yan gwangwan sun riga sun zo sun yi tayi, a sallama musu tun ƙarfen bai yi tsatsa ba. Inna ba ta ce a sayar ba, amma ta tuna wa kowa cewa bikin ƙanwata yana tafe bayan sallah kuma ba a sayi ko katifa ba. Baba kuwa shiru ya yi, sai dai kullum bayan sallar asuba ya je ya tsaya gaban motar hannunsa a baya. Da daddare ya kira ni zaure.

"Injiniya," ya ce. Haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ranar ba dariya a fuskarsa. "Wagga mota ita tak kai ka makaranta. Yanzu kai za ka hwaɗa muna gaskiya. In ta mutu, ka ce ta mutu."

Na ce, "Baba, a ba ni mako biyu."

Ga abin da na yi da makonni biyun, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Abu na farko shi ne sanin iyakar zafin da injin ya sha. Ba wanda ya riƙe ma'aunin zafi ranar gobara, amma kowane abu da ke jikin injin yana da matakin da yake narkewa, don haka abin da ya narke da wanda bai narke ba su ne shaidu. Jikin kafireto da famfon mai na irin waɗannan motoci haɗin tutiya ne, wanda ke narkewa a wajajen digiri 385 na ma'aunin Salshiyas. Namu kafireton ya zube ya zama kamar kitsen da ya daskare. Ke nan a wurin zafi ya haura 385. Kan silinda, wanda kanikawa ke kira tof, alminiyam ne, shi kuma sai zafi ya doshi 660 yake narkewa. Namu bai narke ba, ko gefensa bai zube ba. Jan ƙarfen wayoyi, wanda ke buƙatar 1,085, yana nan lafiya, rigarsa ce kawai ta cinye. Shi kuwa bulo ƙarfen zubi ne, sai wajajen 1,200 yake narkewa. Har launin ƙarfe yana magana: gogaggen ƙarfe yana yin ruwan ɗorawa a wajen 220, ya koma shuɗi a wajen 300. Sifirin ɗin bawul na silinda biyun gaba sun yi shuɗi, na baya kuwa ko canzawa ba su yi ba. Ka ga tun ban kwance noti ko ɗaya ba na san wutar sama ta ci, kuma ta gaba.

Na kwance notin ƙasa na tsiyaye baƙin mai. Wannan ne lokacin da gabana ya fi faɗuwa. Da wuta ta kai ƙasan injin, da man ya ƙone ya zama kwalta ko gawayi. Sai ga shi ya zubo, baƙi dai, yana warin hayaƙi, amma mai ne, yana da santsinsa. Da na kwance tiyon lagireto na ƙasa kuma, ruwa ya zubo. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya zauna ajin Tamodainamiks ya san ma'anarsa: muddin akwai ruwa a cikin bulo, ƙarfen da ke kewaye da ruwan ba zai yi nisa da digiri 100 ba, don zafin yana tafiya ne wajen tafasa ruwan. Tiyon sama ya ƙone, ruwan da ke cikin tof ya tsere, tof ya gasu. Na ƙasa ya zauna ya tsare bulo. Sannan ga alherin dattijon nan da ya riƙe bokiti. Ƙarfen zubi ba ya son sanyi na farat ɗaya. In yana da zafi ka watsa masa ruwa, fatarsa ta tsuke cikinsa bai tsuke ba, sai ya tsage. Ƙasar da aka zuba ta kashe wutar kuma ta bar ƙarfen ya huce a hankali.

Daga nan muka sauke injin, muka ɗora shi a motar wani abokin Baba zuwa garejin da na yi SIWES. Ogana tsohon bakaniken Fijo ne, irin waɗanda ke gane ciwon mota daga jin ƙararta tun tana bakin titi. Ya zagaya injin sau biyu, ya ce, "Bulo na da rai. Tof kau sai mun gani." Ni kuma na ce a raina, to bari mu ga ko littafi zai yarda da Oga.

Mun fara da tof. Na wanke fuskarsa, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kai, na riƙa zura siraran ƙarafan auna tsaga a ƙarƙashi. A tsakiya na 0.3 na milimita ya shige ba gardama. Littattafan gyara galibi ba sa yarda lanƙwasar ta wuce 0.05 zuwa 0.1. Wani zai ce ai sai a kai wa masu injin yanka su share fuskar ta daidaita. Haka ne, amma akwai ciwon da shara ba ta magani. Alminiyam yana rasa taurinsa tun kafin ya narke. In ya jima sama da digiri 200 da 'yan kai, sai ya yi laushi. Tof mai laushi ba ya riƙe gasket, notin da ka ɗaure yau gobe ya saki, kuma zoben da bawul ke zama a kai yana iya ficewa injin na tsakar gudu. A aji an koya mana gwajin Brinell, inda ake danna ƙwallon ƙarfe a jikin abu da nauyi sananne a auna faɗin ramin da ya bari. A gareji ba mu da wannan na'ura, sai muka yi ɗan'uwansa: muka ɗauko ƙwallon boris, muka sa shi tsakanin tof ɗinmu da wani lafiyayyen tof, muka buga guduma sau ɗaya. Bugu ɗaya, ƙwallo ɗaya, ramuka biyu. Ramin da ke jikin namu ya fi faɗi, ko makaho ya shafa zai ji. Oga ya ce, "Wanga ya zama tukunya." A nan aka gama maganar tof.

Sai bulo. Mun wanke shi tas da kalanzir, muka jiƙa shi, muka goge ya bushe, sannan muka shafe shi da garin alli da aka dama. In akwai tsaga ko da siririya ce kamar gashi, kalanzir ɗin da ya maƙale a ciki zai fito ya zana layi a jikin allin. Oga ya gaji wannan dabara daga nasa ogan. Da na bincika sai na tarar tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, da ita suke neman tsaga a ƙafafun jirgi tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma ita ce kakar gwajin jan ruwa da ake yi a masana'antu yau. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, wa ya sani ko ta wannan hanyar ta shigo garejojinmu? Mun bar bulon ya kwana. Da safe alli fari fat, ba layi ko ɗaya.

Karanshaf muka rataye da igiya muka ƙwanƙwasa da sifana. Mai tsaga ƙararsa a dakushe take fita, namu kuwa ya yi amo kamar ƙararrawar makaranta. Na auna wuraren zamansa biyar da maikuromita, duk suna cikin iyaka. Metal ɗin da yake kwanciya a kai, waɗanda rufinsu mai saurin narkewa ne, ko alamar zafi babu a jikinsu. A nan ne kuma na ƙara girmama waɗanda suka zana wannan injin mai cc 1,971. Silindojinsa ba a jikin bulo aka huda su ba, hannayen riga ne guda huɗu da ake zarewa a sa sababbi. Sarƙa ce ke juya kamshaf, ba bel ɗin roba ba. Babu kwamfuta, babu na'urorin lantarkin da wuta za ta lashe a bar ka da kuka. Da motar zamani ce ta sha wannan wuta, da robobi da wayoyi da kwamfutar da suka ƙone sun fi ƙarfen da ya rage tsada nesa ba kusa ba.

To, ilimin ƙarfe ya ce rabin injin yana da rai. Saura ilimin aljihu, wanda shi ne Kawu ya fi ni. Na zauna na rubuta abin da za a saya: tof na hannu da bawul ɗinsa, kafireto, distirbuto, famfon mai, famfon ruwa, altaneta, gasket cikakken saiti, ringi, duk wata roba da duk wani tiyo, sai wayarin daga farko. Oga ya buga waya Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna muka ji farashi. Jimillar ta kama kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin cikakken injin na hannu. Kawu ya ce, "To ka gani? Cika kashi ɗaya ka sayi injin sukutum, ka huta." Maganarsa tana da ƙarfi, kuma na kwana biyu ina juya ta.

Abin da ya hana ni bin ta shi ne wannan. Injin 504 na hannu a yau ba irin na Beljiyam ɗin da ake ba mu labari ba ne, wanda wata tsohuwa ta ɗan zaga gari da shi a Turai. Mota ce da aka daina yi tuntuni, saboda haka yawancin abin da ke kasuwa a nan gida ya yi aikinsa ya gaji, aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti. Ba ka san sau nawa aka yanke karanshaf ɗinsa ba, ba ka san sau nawa ya tafasa a hanya ba. Namu kuwa na ga cikinsa da idona, na auna shi da hannuna, kuma na san wanda ya tuƙa shi shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa bari baƙin mai ya wuce lokacinsa ba. Tsakanin rabin da na sani da cikakken da ban sani ba, na zaɓi rabin.

Amma akwai tambaya ta uku, wadda ta fi ta ƙarfe da ta kuɗi nauyi: in an gyara, a yi me da shi? Ba sai na gaya wa ɗaliban wannan makaranta halin da hanyoyinmu suke ciki ba. Da yawanmu sai mun tambayi labarin hanya kafin mu tafi gida hutu. Muna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Watannin nan Fijonmu a ƙofar gida ta yi su, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sannan tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, injin lita biyu mai kafireto ya zama baƙo mai cin tuwo da yawa. Inna ma ta faɗa mini a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, cewa ita da za a bi son ranta, da Baba ya bar hanya haka nan. Wannan ba abin da maikuromita za ta auna ba ne.

Na kai wa Baba maganar yadda take. Ya ce shi ma ya daina sha'awar doguwar hanya. Amma ko a cikin gari da gonakin kusa akwai aiki: kwasar taki kafin damina, kwaso amfanin gona da kaka, yashi da bulon gini, kayan amare. Golf ba ta wannan aiki, babbar mota kuma ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ya ce, "Ni ban iya zama hakanan ba. In anka sai da ta, kuɗin wata biyu za su yi, sannan in koma ina kallon hanya." A nan na fahimci lissafin da Kawu bai sa a takardarsa ba. Kuɗin sikeli sau ɗaya ake karɓarsu. Kuma mai shekara sittin da aka raba da sana'arsa ba ya samun wata a kasuwa.

Ranar da mako biyun suka cika muka zauna a zaure, na ba da amsata. Na ce injin ba abu ɗaya ba ne da za a ce ya mutu ko yana raye. Tof ya mutu, kafireto ya mutu, duk abin da yake roba ko waya ya mutu, kuma kada a yi wa ko ɗaya daga cikinsu kwaskwarima don tausayi, musamman tiyon mai. Bulo, karanshaf, kamshaf da giyabos suna da sauran shekaru a gaba. Na ce a gyara, amma da sharaɗi uku: kada a ci bashi, kada a taɓa kuɗin bikin ƙanwata, kuma a kankare ƙarfen gaban motar a shafa masa fenti kafin ruwan farko, don ƙarfen da wuta ta cinye wa fenti damina ɗaya ta ishe shi ruɓewa. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah shi sa albarka. Amma in yat tashi yana hayaƙi, kai za mu tambaya." Tof ɗin da narkakken kafireton shi muka ba ya kai wa 'yan gwangwan, aka auna a kilo, kuɗin suka sayi gasket da ringi. Ka ga shi ma sikelinsa bai tashi a banza ba.

Yanzu da nake wannan rubutu, ƙasan injin yana garejin Oga a haɗe, an lulluɓe shi da buhu. Mun samu tof daga Kano, na auna shi kafin a biya, ya wuce gwajin ƙarfen awo da na ƙwallon boris. Kafireto muke tara wa kuɗi. Injin bai tashi ba tukuna, kuma sai ranar da aka murza makulli za a san ko awona ya yi daidai. Ina rubuta furojet ɗina da rana, da dare ina lissafin abin da ya rage.

'Yan uwana ɗalibai, musamman na Makanikal, yawancinmu ba kamfanin ƙera motoci za mu tafi ba in mun karɓi difloma. Garuruwanmu za mu koma, inda za a kawo mana injin ban-ruwa da ya sha laka, injin niƙa da ya yi nokin, janareton asibiti da ya ƙone, a ce mu faɗi gaskiya. Mai abin zai so ka ce a gyara, mai saye zai so ka ce ya mutu, kuma dukansu sun girme ka. Ranar nan teburin narkewar ƙarafa da muke haddacewa daren jarrabawa shi ne zai ba ka bakin magana a gaban manya. Ku riƙe shi da kyau, ku kuma riƙe tsofaffin kanikawa, don allin Oga da guduma tasa sun yi mini aikin da na ɗauka sai na'urar miliyoyi.

Duk wanda kuma yake da tsohuwar mota a gidansu, don Allah in ya je hutu ya buɗe bonet ya lanƙwasa tiyon mai da yatsa. In ya ga ya bushe yana tsattsagewa, a canza shi a ranar. Kuɗinsa bai kai na katin waya na mako ba. A ajiye abin kashe gobara a mota, in babu ko bokitin yashi ne. Mu kuma ku sa mu a addu'a, muna fatan kafin saukar ruwan bana a ji ƙarar Fijon Baba a Dauran. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu da garuruwanmu. Amin.